Gubar Fumfuna a Abincin Shanun Tatsa da Tasirinta a kan Sinadaran Madara

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyoyin da gubar fumfuna da ke cikin abincin shanun tatsa take bi har ta shafi madara, ta kuma raba tasiri iri biyu da aka saba haɗawa wuri guda, wato shigar gubar kanta cikin madara, da kuma sauyin da take haddasawa a yawan maiƙo da furotin da sukarin madarar. Matsayin takardar shi ne waɗannan biyun ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, domin gubar da ta fi tsallakawa cikin madara tana iya barin kauri da launi da ɗanɗanonta yadda suke, alhali gubobin da suka fi rage maiƙo da yawan tatsa kaɗan ne daga cikinsu ke isa hantsa. Saboda haka ma'aunin da ake sayen madara da shi a yau bai isa ya zama shaidar lafiyarta ba.

Fumfuna da gubar da take fitarwa

Fumfuna ita ce farar gashi ko koriya ko baƙa da ke tsirowa a kan hatsi da ciyawa da sauran abinci idan danshi da ɗumi suka haɗu musu, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da sinadarai masu cutarwa waɗanda ke zama a cikin abincin ko da fumfunar kanta ta mutu ta kakkaɓe. Iyalai uku ne suka fi damun masu kiwon shanu. Aspergillus ya fi son ƙasashe masu zafi, yana bunƙasa tsakanin digiri 25 da 35 na ma'aunin Salshiyas, kuma nau'o'insa biyu, Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus, su ne ke samar da aflatoksin a masara da gyaɗa da angurya. Fusarium yakan kama hatsi tun yana gona, musamman idan aka yi ruwa mai yawa lokacin fure, shi ne tushen diyoksinibalinol, wadda ake taƙaita sunanta da DON, da ziyaralinon da fumonisin. Penicillium kuwa ya fi yawa a rumbu da kuma cikin ɗanyar ciyawar da ake dannewa a rami a rufe don ta yi tsami, inda iska ta samu kafar shiga.

Masana kimiyya sun farga da girman matsalar a 1960, shekarar da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. Bayan an gano gubar an sa mata suna aflatoksin, sai Allcroft da Carnaghan, na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Weybridge, suka nuna a 1963 cewa madarar shanun da suka ci irin wannan tunkuza tana lalata hantar 'ya'yan agwagwa kamar yadda tunkuzar kanta take yi. Daga wannan aiki ne aka samu sunan aflatoksin M1, harafin M yana nufin madara a Turanci, kuma ya yi daidai da kalmar Hausa. Ita uwar gubar da ke cikin abinci ana kiranta B1, saboda shuɗin haske da take fitarwa idan aka haska mata fitilar da ake gwaji da ita.

Tumbi a matsayin kariya mai iyaka

An daɗe ana ɗaukar cewa dabbobi masu tuƙa sun fi kaji da aladu jure gubar fumfuna, kuma akwai gaskiya a ciki, domin tumbin saniya, wato babban ɓangaren farko na cikinta inda abinci ke jiƙa yana ruɓewa, cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke farfasa sinadarai da yawa kafin su kai ga hanji. Su ne ke mayar da DON wani sinadari mai rauni da ake kira DOM-1, su ne kuma ke raba wata gubar da ake kira okratoksin A gida biyu har ƙarfinta ya kusan gushewa. Amma wannan kariya ba ta game kowace guba ba. Fumonisin tana wucewa ta tumbi kusan yadda ta shiga, sai dai hanji ba ya tsotsar ta sosai. Ziyaralinon, wadda ke kwaikwayon sinadarin da ke tafiyar da haihuwa a jikin mace, takan juye zuwa wani nau'i da ya fi ta ƙarfi, shi ya sa ake danganta ta da rikicewar neman bijimi da rashin ɗaukar ciki. Aflatoksin B1 kuwa ɗan kaɗan ne tumbi ke iya rushewa daga cikinta, sauran ya shiga jini ya nufi hanta.

Ita ma kariyar tana raunana a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Saniyar da ake cika wa hatsi da dusa don ta ƙara tatsa, cikinta yakan yi tsami fiye da ƙima, waɗancan ƙananan halittu su ragu, abinci kuma ya riƙa wucewa da sauri kafin su gama aikinsu a kansa. Maraƙin da bai fara tuƙa ba shi kuma ba shi da wannan kariya ko kaɗan.

Yadda aflatoksin ke tsallakawa cikin madara

Idan aflatoksin B1 ta isa hanta, wasu sinadaran hanta da aikinsu shi ne sauya abubuwa masu cutarwa don jiki ya samu fitar da su sukan mayar da wani kaso nata M1, wadda ta fi narkewa a ruwa, sai ta fita ta fitsari da kashi da kuma madara. Saurin abin ya cancanci a lura da shi: cikin awa 12 zuwa 24 bayan saniya ta ci gurɓataccen abinci gubar takan bayyana a madara, idan aka ci gaba da ba ta abincin sai yawanta ya daidaita cikin 'yan kwanaki, idan kuma aka janye shi madarar takan washe cikin kwana uku zuwa huɗu. Wannan shi ne abu mafi ƙarfafa gwiwa a dukan batun, domin yana nufin saniyar ba ta lalace ba, abincinta ne ya lalace.

Kason da ke tsallakawa yawanci yana tsakanin kashi 1 da kashi 2 cikin 100 na abin da saniya ta ci, amma binciken da Veldman da abokan aikinsa suka yi a Holan a 1992 ya nuna cewa a shanu masu yawan tatsa, a farkon watannin shayarwa, yana iya haura kashi 6. Daga wannan aiki ne aka fitar da ƙiyasin cewa saniyar da ake so madararta ta tsaya a ƙarƙashin iyakar Turai bai kamata ta ci fiye da maikirogiram 40 na B1 a rana ba. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, kuma ƙanƙantar wannan ma'auni ita ce ke nuna dalilin da ya sa ido da hanci da harshe ba su da abin cewa a nan. Tarayyar Turai ta sa iyakar M1 a maikirogiram 0.05 cikin kilo ɗaya na madara, da 0.025 a madarar jarirai, yayin da Amurka da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, suka tsaya a 0.5, wato ninki goma na iyakar Turai. A ɓangaren abincin shanun tatsa kuwa, Turai ta sa maikirogiram 5 cikin kilo, Amurka ta sa 20.

Lissafi na misali zai fito da abin fili. Idan aka ba saniya kilo biyu na tunkuza a rana, kowane kilo yana ɗauke da maikirogiram 100 na B1, to ta ci 200 ke nan. Idan kashi 1 cikin 100 kaɗai ya tsallaka, maikirogiram 2 sun shiga madara. Idan tana ba da lita goma, kowace lita tana da 0.2, wanda ya ninka iyakar Turai sau huɗu. Ba a buƙatar abinci ya yi baƙi ko ya yi wari kafin ya kai wannan mataki, kuma buhu ɗaya da ya ɓaci yana iya gurɓata madarar garke guda idan aka gauraya shi da sauran.

An ga wannan a aikace a wurare dabam-dabam. A 2003 zafi da fari sun kama masarar arewacin Italiya, madarar yankin ta haura iyaka har aka zubar da mai yawa. A 2013, bayan farin shekarar da ta gabace ta, an samu irin haka a ƙasashen Balkan, inda Sabiya ta ɗaga iyakarta daga 0.05 zuwa 0.5 na wani lokaci, masarar da aka fitar daga can kuma ta jawo binciken dubban gonaki a Jamus. Wanda ya fi kusa da yanayin Afirka ta Yamma shi ne binciken da cibiyar nazarin dabbobi ta ƙasa da ƙasa, ILRI, ta wallafa a 2016 game da madarar Addis Ababa da kewaye, inda aka samu M1 a duk samfurin da aka gwada, fiye da kashi 90 cikin 100 suka haura iyakar Turai, aka kuma gano cewa babban tushen gubar shi ne tunkuzar wani ɗan iri mai mai da Habashawa ke kira nug. Shanun da ke ba da wannan madara na cikin gari ne da ake ɗaurewa ana saya musu abinci, kuma wannan ne darasin da ya shafi masu kiwon tatsa a kewayen Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, inda tunkuza da angurya da dusar masara ke cike gurbin da nug ke cikewa a Habasha.

Maiƙo da furotin da sukarin madara

Madarar saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce, sauran kuma maiƙo ne da furotin da laktos, wato sukarin madara, da ma'adanai. A shanun Holstein maiƙo yakan kama daga kashi 3.5 zuwa 4, furotin ya ɗan haura 3, laktos ya kusan kai 5, shanun gida masu tozo irin su Bunaji da Bokoloji kuwa madararsu ba ta da yawa amma ta fi maiƙo. Maiƙo da furotin da laktos kowannensu yana da tushe a tumbi. Idan ƙananan halittun tumbi suka narkar da ciyawa sukan fitar da wasu ruwan tsami, daga cikinsu akwai asetet, wanda hantsa ke gina kusan rabin maiƙon madara da shi da ɗan uwansa butiret, da kuma firofiyonet, wanda hanta ke mayarwa sukarin jini, hantsa kuma ta mayar da shi laktos. Laktos ne ke jawo ruwa cikin madara, don haka shi ne ke yanke yawan tatsa, shi ya sa kasonsa ba ya cika motsawa: idan ya ragu, madarar gaba ɗaya ce ke raguwa. Furotin kuwa yawancinsa daga jikin waɗannan ƙananan halittu yake fitowa bayan sun wuce hanji an narkar da su.

Duk gubar da ta taɓa ci, ko ta taɓa tumbi, ko ta taɓa hanta, tana da ƙofar shiga cikin wannan lissafi. Hatsin da ya yi fumfuna ya riga ya yi asarar wani kaso na mai da ƙarfinsa, saniya kuma takan rage cinsa saboda wari. Wasu gubobin, kamar fatulin da waɗanda Penicillium ke fitarwa a ciyawar rami, suna aiki kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai su rage narkewar ciyawa, asetet ya ragu, maiƙo ya bi shi. An kuma nuna a Jamus cewa alkamar da Fusarium ya kama tana rage yawan furotin da ke fita daga tumbi zuwa hanji. Sannan akwai raunin garkuwar jiki, wanda ke buɗe hanya ga ciwon hantsa, kuma hantsa mai ciwo madararta takan ragu a laktos da kasin, wato babban furotin madara, ta ƙaru a gishiri da ƙwayoyin farin jini, bangonta kuma ya sassauta har M1 ta fi samun wucewa.

Sai dai idan aka koma ga gwaje-gwajen da aka yi a ƙarƙashin kulawa, hoton bai fito sarai kamar yadda wannan bayani yake nunawa ba, kuma bai dace a ɓoye hakan ba. A gwajin da Charmley da abokan aikinsa suka yi a Kanada a 1993, an ba shanu DON a matakai uku, ba a ga ci ko yawan tatsa ya ragu ba, maiƙo ne ya motsa, kuma mafi ƙarancinsa ya zo ne a matakin tsakiya, ba a mafi girma ba, abin da ke hana a yanke hukunci kai tsaye cewa yawan guba shi ne yawan asarar maiƙo. Gwajin Applebaum da abokan aikinsa a Wisconsin a 1982 ya fi wannan bayyana gaskiyar lamarin: shanun da aka ba tatacciyar aflatoksin ba su nuna raguwar tatsa ta a zo a gani ba, waɗanda aka ba wadda ba a tace ba, tana haɗe da sauran abubuwan da fumfunar ta fitar, su ne tatsarsu ta ragu, alhali dukansu sun zubo M1 a madara. A gefe guda kuma akwai rahoton wani garke a jihar Jojiya ta Amurka a 1979, wanda ke cin abinci mai maikirogiram 120 cikin kilo, tatsarsa ta ƙaru da kusan rubu'i bayan an sauya abincin. Fahimtar da ta haɗa waɗannan sakamako ita ce, a gona guba ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa ne da 'yan uwanta a cikin abincin da ya riga ya yi rauni, ga saniyar da zafi da ƙarancin ci suka riga suka gajiyar, kuma tsawon watanni take ci, ba mako ɗaya na gwaji ba.

Akwai rukuni ɗaya da tasirinsa a kan tatsa ba shi da shubuha, wato gubar da fumfunar Claviceps da danginta ke fitarwa, wadda ke danne sinadarin jiki mai sa hantsa ta kawo nono. An san ta a ciyawar kiwo ta kudancin ƙasar Amurka, an kuma ga nau'in da ke kama zangarniyar dawa ya rage tatsa a Ostireliya bayan ya isa can a 1996.

Abin da wannan ke nufi ga cibiyar tara madara a bayyane yake. Abin da aka saba aunawa a bakin ƙofa shi ne nauyin madara don a gane ko an ƙara ruwa, da tsaminta don a gane ko ta kwana, da maiƙonta don a yanke farashi, kuma madarar da M1 ta ninka iyaka sau goma tana iya cin duk waɗannan gwaje-gwaje ba tare da tangarɗa ba. Haka nan raguwar maiƙo ba ta tabbatar da guba, tunda ƙarancin ciyawa da yawan hatsi da zafin bazara duk suna kawo ta.

Bayan tatsa

Tafasa ba ta kawar da M1. Dumamar masana'anta ta digiri 72 na daƙiƙa 15, wadda ke kashe ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale, tana barin ta kusan yadda take, haka ma zafin da ya haura digiri 135 da ake yi wa madarar kwali, madarar gari kuwa busarwa ta ƙara tattara ta ne. Gubar tana manne wa kasin, wato furotin da ke daskarewa idan madara ta yi tsami, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na furotin madara, kuma wannan ɗabi'a ita ce ke yanke inda za ta tafi. Idan aka kaɗa kindirmo aka cire man shanu, kaɗan ne ke bin man, mafi yawa ya zauna a nonon da ya rage, wanda shi ne ake damawa da fura. Idan aka yi cuku kuwa, yawanta a kowane kilo yakan ninka na madarar kusan sau uku a cuku mai taushi, sau biyar a busasshe. Ƙwayoyin da ke sa nono tsami suna iya riƙe wani kaso nata a jikinsu, amma riƙon ba mai ɗorewa ba ne.

Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa aflatoksin a rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa kusan sau 30 ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Adalci ya sa a faɗi cewa ƙarfin M1 a gwajin dabbobi kusan kashi ɗaya cikin goma ne na B1, kuma masara da gyaɗar da mutane ke ci kai tsaye sun fi madara kawo gubar cikin jiki nesa ba kusa ba, don haka tsoratar da iyaye su daina ba yara nono zai fi cutarwa fiye da gubar. Damuwar ita ce yaron da aka yaye, mai ƙaramin jiki, wanda kununsa na gyaɗa da kokonsa na masara suka riga suka ɗora masa kaya, sai madara ta ƙara masa. Binciken da aka wallafa a 2002 a kan yara 480 a Benin da Togo ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan aflatoksin a jini su ne suka fi tsumburewa, kuma yawanta yana hauhawa bayan yaye.

Inda gyara yake

Tunda madara tana washewa cikin kwanaki idan abinci ya gyaru, to wurin aiki shi ne gona da rumbu da komin cin dabbobi. Masara tana buƙatar bushewa har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 13 zuwa 14 cikin 100, gyaɗa kuma zuwa kashi 7 ko 8, kafin a zuba a buhu, buhun kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango, domin siminti yana gumi. Al'ada mafi haɗari ita ce wadda ake yi da kyakkyawar niyya: mace ta zauna da faifai tana tsince gyaɗar da ta yanƙwane ko ta yi baƙi don kada iyalinta su ci, sannan a tara tsintar a kai wa masu matsar mai ko a watsa wa dabbobi, alhali a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyi ne mafi yawan gubar buhun ta taru, kuma idan aka matse mai yawancinta a tunkuza take zama. Haka harawar da aka ɗora a kan soro ko a reshen bishiya ruwan ƙarshen damina ya dake ta, samanta ya bushe cikinta yana ɗumi, da jiƙaƙƙiyar dusar da ta kwana a komi aka zuba sabuwa a kanta da safe.

A matakin gona akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar tare da ma'aikatar gona ta Amurka, wato ƙwayoyin dawa da aka lulluɓe da nau'o'in Aspergillus flavus na gida marasa guba, ana watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin fure don su riga masu guba kama wuri, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. A matakin komi kuwa akwai laka mai kama guba, irin bentonayit da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2013, wadda ke riƙe aflatoksin a cikin ciki ta fita da ita ta kashi. Tana rage M1 a madara amma ba ta share ta, ba ta kuma kama DON da ziyaralinon yadda take kama aflatoksin, don haka kuskure ne a ɗauke ta izinin ciyar da ruɓaɓɓen abinci.

Gwaji shi ma ya sauƙaƙa, domin akwai 'yan tsinkayen takarda da ake tsomawa a madara su nuna sakamako cikin mintuna, kuma madarar da aka tara a tanki ɗaya ta fi buhunan abinci sauƙin aunawa, saboda a madara gubar tana gauraye ko'ina, a buhu kuwa tana ɓuya a lungu ɗaya mai ɗibar samfuri ya wuce ta. Cibiyar da ta samu tankinta ya haura iyaka tana iya bin makiyayan da suka kawo madarar ranar, ta tambayi wace tunkuza ko angurya suka saya a makon da kuma hannun wa, a janye ta, sannan a sake gwaji bayan kwana huɗu.